Wankin Saiwa

Ƙarfe shida Arlo Vandermeer ya buɗe mana kyauren gonarsa,
kudu da Ames, inda masara ta fi mutum da hannu a sama.
Ya ce, "Ku haƙa, amma ku toshe mini ramukana."
Na dafa bututun ƙarfe, na hau da nauyina duka,
ƙasar Iowa ta buɗe baki da ƙyar,
baƙa wuluk, da danƙo kamar tuwon da ya kwana.
Taku ashirin, rami guda.
Kowace leda da lambarta.
Sauro kuwa bai tambayi lambar kowa ba.

A ɗakin bincike, aikin wanki ne kawai.
Shekara ashirin da biyu ina karatu
don in tsaya gaban famfo da rariya
ina tsince saiwa siririya kamar gashin jinjiri
daga cikin laka, da ɗan hantsaki.
In Inna ta tambaya ta waya,
sai in ce, "Ana ta fama."

Sai dahuwa. A jiƙa saiwa a ruwan toka mai kaifi,
a ɗora ta bisa zafi har launinta ya zube,
ta koma garau, ba ta ɓoye komai.
Na taɓa barinta na tafi la'asar,
na dawo na tarar da kunu.
Dakta Odalys ba ta yi faɗa ba,
ta miƙo mini wata ledar, ta nuna agogon bango.

Daga nan tawada da ruwan khal.
Tawadar alƙalami fa, irin ta kanti.
Saiwa ba ta riƙe ta.
Baƙon da ke kwance a cikinta ne ke sha.

Na kafa ido a madubin ƙara girma,
na murɗa, na murɗa, hazo ya yaye,
sai ga su: zaruruwa shuɗaye
sun ratsa bango, sun bi ɗaki-ɗaki,
a wani ɗakin sun tsiro da 'yar bishiya
mai rassa cunkus, da ba ta kai tsinin allura ba.
A nan kasuwar take ci.
Masara ta miƙa zaƙin da ta samo a rana,
funfuna ta miƙo ruwa da abincin ƙasa
daga lungun da saiwa ba ta isa.
Ba ni gishiri in ba ka manda,
ba dillali, ba la'ada.

Sai ƙirga. Duk inda layi ya gitta saiwa:
akwai, akwai, babu, akwai.
Ɗari a kowane gilashi,
yatsana na danna maɓalli ƙas, ƙas,
har wuyana ya sage,
har in na rufe ido a bas ina ganin shuɗi.

Abin da ke ci mini rai shi ne
duk wanda na gani, sai da na kashe shi.
Ban taɓa riskar cinikin ba,
rumfuna nake ƙirgawa bayan kasuwa ta watse.
Mun binne bututun gilashi a gindin masara,
muna zura kyamara duk Talata.
Saiwa takan zo ta jingina da gilashin,
ta yi fari, ta yi ja, ta ɓace.
Zaren kuwa sai ya ga dama.

Ranar girbi na kai wa Arlo takarda:
arba'in da uku cikin ɗari.
Ya duba, ya ninke, ya cusa a aljihun gaba,
ya sunkuya ya damƙo ƙasa, ya shinshina,
daidai yadda Kawu Sallau ke yi
in ya tuge gyaɗa.
Ya ce, "To, suna nan ke nan?"
Na ce suna nan.

Sanyi ya fara shigowa ta wuyan riga.
Saura leda sittin a firji,
tawadar jiya ba ta fita daga farcena ba.